Kundin aiki: shirin gwajin magani ga yara masu tarin gado a Birnin Kebbi

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne don in daina riƙe komai a ka. Wata biyu ke nan ina juya maganar a zuci, yau dai na zauna na rubuta shafin farko na tsarin gwajin shaƙar ruwan gishiri ga yara masu tarin gado.

Mafarin abin wata yarinya ce 'yar shekara bakwai da aka kawo mini a watan Nuwamba daga wani ƙauye a gefen Argungu. Daga yau BK-01 zan riƙa kiranta, kamar yadda za ta fito a takardun bincike. Tun tana goye take tari. Sau biyu ana ɗora ta a kan maganin tarin fuka, wata shida-shida, alhali gwajin kaki na GeneXpert bai taɓa nuna ƙwayar cutar ba. Ci kamar gara, amma nauyinta bai kai kilo 15 ba. Bayan gidanta maiƙo ne zalla, ga wari, uwar ta ce sai ta ƙarar da buta biyu kafin fo ya wanku. Kan yatsunta ya kumbura kamar kan makaɗin ganga. Wanta ya rasu yana ɗan shekara huɗu da irin wannan tarin, iyayen kuma auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙane. Duk wannan ina rubutawa ne kawai, har sai da uwar ta faɗi abin da ban tambaye ta ba: "Likita, ɗiyar ga ko bakina na kai ga goshinta sai in ji gishiri." Nan na ajiye biro.

Ciwon da nake zargi shi ne sistik faibrosis. Ba shi da suna a Hausa, ni da Sista da muke aiki tare "tarin gado" muke ce masa. Gadonsa irin na sikila ne: uwa da uba kowa yana ɗauke da rabi, suna lafiya lau, kowane ciki kuma akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya haɗa biyun. Ƙwayar gadon da ke da matsalar ana kiranta CFTR, a shekarar 1989 masu bincike a Toronto da Michigan suka gano ta. Aikinta buɗe ƙofar da sinadarin gishiri ke bi a jikin ƙwayoyin halitta, ruwa ya bi bayansa. In ƙofar ta lalace sai majinar cikin huhu ta yi kauri kamar ƙaro, ta toshe hanyoyin iska, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Haka take toshe hanyar ruwan da ke narkar da mai a hanji, shi ya sa yaro ke ci ba ya gani a jikinsa. A fata kuma gishirin da ya kamata jiki ya tsotse ya mayar sai ya fice tare da gumi.

A makaranta an koya mana ciwon Turawa ne, a wuce wurin. A cikinsu kusan jariri 1 cikin 3,000 ne ke zuwa da shi. Amma a cikin baƙaƙen fatar Amurka ma ana samun kusan 1 cikin 15,000, su kuwa kakannin da yawansu daga wannan yanki namu aka kwashe su. To namu yaran ina suke? Zatona suna cikin fayilolin tarin fuka da na tamowa.

Abin da ke hannuna: tallafin ƙaramin bincike na naira miliyan 4.

Alhamis, 9 ga Janairu

Abokin aikina ya tambaye ni me ya sa ruwan gishiri zan gwada, alhali duniya ta wuce nan. Gaskiyarsa. Tun 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Kalydeco, maganin farko da ke gyara ita kanta ƙofar, a watan Oktoban 2019 kuma aka amince da Trikafta, wanda ya sauya rayuwar mafi yawan masu ciwon a can. Farashinsa a Amurka ya haura dala 300,000 a shekara ga mutum ɗaya. Na buga a waya da canjin yau, ya fi naira miliyan 450. Na nuna masa, ya yi dariya ya ce in kashe wayar.

Ko da kyauta za a ba mu, akwai wani cikas. An gina maganin ne a kan lahanin da ya fi yawa a Turawa, F508del, inda jiki ke ƙera ƙofar amma a karkace. Lahanin da aka fi samu a baƙaƙen Afirka ta Kudu shi ne 3120+1G>A, shi kuwa ba a ma ƙera ƙofar da za a gyara. Maganin ba shi da abin kamawa.

Ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 7 cikin ɗari, wato giram 70 a lita, ana turara shi da na'ura yaro ya shaƙa. Yana janyo ruwa zuwa cikin hanyoyin iska, majinar ta saki, a iya tofar da ita. Shi ne abin da aljihun mutanenmu zai iya ɗauka. Tsarina: rukuni ɗaya su shaƙi mai kashi 7, ɗayan su shaƙi na ƙarin ruwa da aka saba mai kashi 0.9, safe da yamma, wata shida, a auna numfashinsu a farko da ƙarshe.

Talata, 14 ga Janairu

Kwana uku ni da Sista muna ɗakin ajiyar fayiloli, ga ƙurar hunturu ga ta takardu. Mun zazzage na yaran da aka kwantar fiye da sau biyu da ciwon ƙirji cikin shekara uku. Goma sha ɗaya sun yi kama da abin da muke nema. Huɗu lambar wayarsu ba ta shiga, biyu an ce mana sun rasu. Saura biyar, da BK-01 shida.

Talata, 21 ga Janairu

Yau aka zuba mini ruwan sanyi. Na kai tsarin wurin wani malamin lissafin ƙididdiga da ke taimaka wa masu bincike. Ya karanta a tsanake, sannan ya ce: "Likita, me za ki auna, kuma bambancin nawa ne zai sa ki ce maganin ya yi aiki?"

Na ce yawan iskar da yaro ke iya fesarwa a daƙiƙa ta farko, ma'aunin da ake kira FEV1, shi ne akasarin gwaje-gwajen wannan ciwo ke dogara da shi. Bambancin maki 5 tsakanin rukunan biyu zai gamsar da ni. Ya ce mu ƙaddara sakamakon yaran zai riƙa warwatsuwa da kamar maki 10. Ya ja takarda ya yi lissafi a gabana: in ana so a samu damar kashi 80 cikin ɗari ta ganin bambancin in har akwai shi, ana buƙatar yara 63 a kowane rukuni, 126 ke nan. In aka yi tanadin waɗanda za su daina zuwa a tsakiyar tafiya, kashi 15 cikin ɗari, sai a nemi 148.

"Nawa kike da su?"

Na ce shida.

"Shidan an tabbatar da ciwon a jikinsu?"

Na yi shiru. Ya ce in yi haƙuri, amma gwajin da aka yi da mutum shida ba zai ce eh ba, ba zai ce a'a ba, wahalar da yaran kawai za a yi. Ya kawo shawarar a bai wa kowane yaro duka ruwan biyu, wannan na wasu makonni, a huta, sannan wancan, kowa ya zama ma'aunin kansa. Hakan na rage adadin da ake buƙata sosai, amma ba zai sauko da shi zuwa shida ba. Na fito ina jin haushinsa, na san kuma ba shi ya kar zomon ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Na'urar awon numfashi ta iso daga Legas a motar haya. Naira 850,000, matatan baki guda ɗari kuma 120,000. Na gwada a kaina, tana aiki.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kuskuren yau nawa ne, kuma zan rubuta shi dalla-dalla don kada in sake.

Na kira yaran shida su zo a auna numfashinsu, a matsayin duba lafiya irin na kullum, tunda ba a ba mu izinin bincike ba tukuna. Don in sauƙaƙa wa iyaye da kaina, sai na sa musu rana ɗaya, lokaci ɗaya. Biyar suka zo. Sista ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta kawo biskit, yara suka saki jiki suna wasa, wannan ya yi tari a fuskar wancan, kofi ɗaya suna ta zagayawa da shi. Ina ciki ina fama da na'ura. Da na leƙo na gan su a cakuɗe sai gabana ya faɗi. Abu na farko da duk mai kula da wannan ciwo ya sani shi ne ba a haɗa masu shi wuri ɗaya, saboda suna ɗaukar ƙwayoyin cuta daga junansu, musamman Pseudomonas, wadda in ta kafa sansani a huhu fitar da ita sai an sha wuya. A ƙasashen da ke da asibitocin ciwon, ƙa'ida ce a bar tazarar kusan mita biyu tsakaninsu. Na karanta wannan ya fi sau goma. Ilimin yana kaina, bai sauko hannuna ba.

Na raba su nan take, na yi wa iyayen bayani. Wata uwa ta ce: "Ashe ɗaukarsa ake yi? Kin ce gado ne." Sai da na sake warwarewa: ciwon gado ne, ba a ɗauka, amma ƙwayoyin cutar da ke fakewa a bayansa ana ɗauka.

Awon kansa ma bai yi armashi ba. Ana so yaro ya cika ƙirji, ya fesa da iyakar ƙarfinsa lokaci guda, ya ci gaba har iska ta ƙare, a samu uku masu kyau da suka yi kusa da juna. Biyu daga cikinsu ba su kai shekara shida ba, sun kasa gane abin da ake so, suna ta tsotsar bakin na'urar. Wani ɗan shekara tara ya yi ta hurawa a hankali kamar mai fifita koko, har sai da kakarsa ta ce masa: "Kai, hura kamar an aza tukunya itace ɗanye!" Nan take ya fesa, layi ya tashi a fuskar kwamfuta yadda ake so. Na rubuta maganar kakar a jikin bango, da ita zan riƙa koya wa sauran. Yara uku kawai suka ba da sakamakon da za a iya amfani da shi. Wato ma'aunin da na gina gwajin a kansa ya zubar da ƙananan yara, su ne kuwa suka fi buƙatar a kama ciwonsu da wuri.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Mako guda a kan takardar neman yardar iyaye. Ta Turancin shafi huɗu ce, na rubuta ta cikin dare ɗaya. Ta Hausar ce ta ƙi.

Kalmar farko da ta tsaya mini a wuya ita ce "gwaji". In na ce za a yi wa yaro gwaji, uwa tana jin gwajin jini ne, ta miƙo hannunsa. In na ce za a gwada magani a kansa, sai ta janye shi. Duk biyun ba su faɗi abin da nake nufi ba. Na tsaya a kan doguwar jimla: muna so mu kwatanta hanyoyi biyu don ba mu san wadda ta fi ba a wurin yaranmu.

Ta biyu ita ce yadda za a raba yara rukuni biyu ba da zaɓin likita ba. Na rubuta "za a jefa ƙuri'a". Sista ta ce mutane za su ɗauka zaɓe ne, ko mafi muni su ce caca ake yi da lafiyar 'ya'yansu. Na tafi da takardar wurin wani malami a unguwarmu da nake girmamawa, bayan la'asar. Na ce: "Allah ya gafarta Malam, ina neman kalmar da ba za ta zama yaudara ba, ba kuma za ta kori mutane ba." Ya sa na bayyana masa dalilin rabon. Na ce in likita ne zai zaɓa, zuciyarsa za ta karkata, ya bai wa wanda ya fi jin jiki abin da yake ganin ya fi, a ƙarshe ba za a san ko magani ne ya yi aiki ko zaɓin likita ba. Ya ce ai wannan ita ce hikimar ƙuri'a tun asali, a cire son rai in haƙƙi ya yi daidai. Ya tuna mini cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa, kuma Alƙur'ani ya ambaci jefa alƙalumma a kan wanda zai riƙi Nana Maryam. Ya ce in bar kalmar yadda take, in ƙara da dalilin. Amma ya ja mini kunne: "Sharaɗin shi ne biyun su zama daidai a saninki. In kin san ɗaya ya fi, kika yi ƙuri'a, to kin zalunci wanda ya faɗa ɗayan." Na ce na ji. A raina na ɗan ji wani abu ya motsa, na danne shi.

Akwai kuma batun ɓoye wa kowa wane ruwa yake shaƙa. Harshe ba ya kasa gane gishiri. A babban gwajin da aka yi a Ostiraliya, wanda aka buga sakamakonsa a 2006, kwinin suka zuba a duka ruwan biyu don ɗaci ya rufe bambancin. Sista ta ce yaron da ya taɓa ɗanɗana kwinin ba zai yarda a turara masa shi safe da yamma wata shida ba, ko da alewa za a bi shi.

Buga takardu da ɗan abin da na bai wa wanda ya mayar da Hausar zuwa Turanci don a ga ko ma'ana ta kauce: 60,000.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ƙauyen su BK-01. Mun bar Birnin Kebbi bayan asuba, muka bi hanyar Argungu, sannan muka sauka kan burji ta cikin fadama, shinkafar rani ta yi kore shar, injinan ban ruwa na ta ƙugi. Mota da mai da goron gaisuwa sun ci 95,000.

Mai gari ya karɓe mu a zaure da dattawa kamar goma. Na gaishe shi, na ce: "Ranka shi daɗe, mun zo ne mu ji ra'ayinku tun ba a fara komai ba." Na yi bayani kamar minti goma sha biyar. Wani tsoho da ke jingine da bango bai ce uffan ba har na gama, sannan ya gyara zama.

"Ɗiyata, abin da anka yi Kano shekarun baya, da ɗiyan mutane, shi na kika zo da shi?"

Na san za a zo nan. Gwajin maganin Trovan na 1996, lokacin annobar sanƙarau, yara kusan 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wancan tabon yana cikin abin da ya sa jihohi irin su Kano da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Ban yi ƙoƙarin wanke kowa ba. Na ce: "Baba, abin ya faru. Shi ya sa yanzu ba mai taɓa yaro sai kwamitin ɗa'ar bincike ya duba ya sa hannu, NAFDAC ta ba da izini, uba da uwa sun yarda, kuma duk ranar da suka ce sun fasa, sun fasa, ba abin da zai ragu a kulawar da ake ba ɗansu." Na gaya musu kuma a Kanon ce likitocinmu suka yi gwajin maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, da yardar iyaye, aka gama lafiya, duniya ta amfana.

Ya gyaɗa kai, ya ce: "To in kunka ƙare, maganin ya yi, wa za ya ci gaba da ba su?" Ba ni da amsa a takarda. Na ce zan dawo da ita.

A gidan su yarinyar na lura da abin da ban sa a tsari ba: babu wutar lantarki a garin gaba ɗaya. Waya ma a shagon mai sola ake caji. Na'urar turara magani da na yi wa kuɗi a kasafi mai jona wa bango ce.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na miƙa tsarin ga kwamitin ɗa'a, kuɗin dubawa 50,000. Na sayi na'urar turarawa mai caji guda biyu don in ga ƙarkonsu, 70,000.

Talata, 4 ga Maris, 4 ga Ramadan

Gwajin gumi. Shi ne alƙalin wannan ciwo tun 1959: a ɗora wani magani mai suna pilocarpine a damtsen hannu, a tura shi cikin fata da 'yar wutar batir ta minti biyar, a tara gumin wurin na minti talatin, a auna sinadarin gishirin. In ya kai 60 ko fiye, ciwon ne. Ƙasa da 30, da wuya. Tsakani kuma sai an ƙara bincike.

Wata abokiyar karatuna ta aro mini na'urar tura maganin, na sayi sauran kayan 180,000. Muka yi wa BK-01 a hannu biyu, muka tara gumin a takardar tacewa, muka rufe da leda. Sakamako: hannun hagu 88, na dama 41. Yarinya ɗaya, rana ɗaya. Malamin ɗakin gwaje-gwaje ya zauna da ni muka bi sawu. Na farko, ledar hannun hagu ta ɗan buɗe, ga zafin Maris, ruwa ya tsere gishiri ya zauna, dole lamba ta hau. Na biyu, na daman gumin da aka tara bai kai miligiram 75 da ake buƙata ba. Na uku, wanda ya fi duka, injinsa na auna gishirin jini ne, ba a yi shi don 'yar ɗigon gumi ba. Ya ce: "Likita, ni dai ba zan sa hannu a wannan takarda ba." Na gode masa. Da ya sa hannu da na ɗauki 88 ɗin na rungume, don shi nake so in gani.

Ga wani abin kuma: tamowa mai tsanani da kanta tana iya ɗaga gishirin gumi. Rabin yaran da nake zargi suna da ita.

Laraba, 12 ga Maris

Kwamiti ya dawo da tsarin, shafi biyu na tambayoyi. Na karanta a tsaye, na ninke, na je na yi sallar azahar, sannan na sake karantawa a zaune.

Sun ce ba ni da majiyyaci ko ɗaya da aka tabbatar, to wa zan sa a gwajin? Sun tambayi inshorar yaran, da kwamitin da zai riƙa leƙa sakamako a tsakiyar tafiya don ya tsayar da gwajin in an ga cutarwa, da rajistar gwajin a kundin gwaje-gwajen Afirka kafin a ɗauki yaro na farko. Sun tuna mini cewa ruwan gishiri mai ƙarfi yana iya shaƙe ƙirji, don haka dole a ba da salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, kafin kowace shaƙa, ta farko kuma a yi ta a asibiti. Sun yi tambayar tsohon nan ta wa zai ci gaba da ba da magani, kusan kalma da kalma, sai dai su da Turanci.

Wadda ta fi yi mini zafi ita ce ta shida. Gwajin Ostiraliya ya ɗauki mutum 164 na mako 48, ya nuna mai kashi 7 yana rage yawan tashin ciwon sosai, ya ɗan ƙara numfashi. Tun daga nan ya zama magani na yau da kullum. To da wace hujja zan hana rabin yarana shi wata shida? Maganar Malam ce ta dawo mini ta wata ƙofa. Na so in ce yanayinmu daban ne, ga ƙura ga zafi ga tamowa. Amma in aka tambaye ni tsakani da Allah wanne zan bai wa ɗana, na san amsar, kuma wanda ya san amsa ba shi da hurumin ƙuri'a. Na riga malam masallaci: na tsara gwajin magani tun ban iya tabbatar da ciwon ba, na kuma zaɓi tambayar da aka riga aka amsa.

Laraba, 19 ga Maris

Ɗaya daga cikin na'urori masu caji ta toshe bayan mako uku ina gwada ta a gida. Gishiri ya bushe a ragar cikinta saboda na yi kwana biyu ban wanke ba da gangan. Sai an tanadi tafasasshen ruwa da koyarwa ta musamman.

Litinin, 24 ga Maris

An kawo BK-01 da daddare ranar Asabar, jiki ya saki, ido ya faɗa, tana amai, ba gudawa. Da na haska goshinta da fitilar waya sai ga farin gishiri ya bushe a gefen gashinta kamar an barbaɗa. Gwajin jini ya nuna gishirin jikinta ya yi ƙasa ƙwarai. Zafin kwanakin nan ya haura maki 40, ita kuma kowane gumi da ta yi asara ce. Ta kuma dage sai ta yi azumin rabin yini irin na 'yan uwanta. Muka ɗaura mata ruwa, zuwa safiyar Lahadi ta nemi koko.

Na daina jiran takarda. Alamun sun isa a fara kula da ita a matsayin mai ciwon: ƙarin gishiri a abinci da ruwan gishiri da sukari duk lokacin zafi, bubbuga ƙirji safe da yamma wanda na koya wa uwar da tafin hannu a dunƙule kamar ƙoƙo, shaƙar ruwan gishiri da na'urar da ta rage, da ƙwayoyin Creon masu taya hanji narkar da mai, a sha da kowane abinci. Kuɗinsu ba ya cikin tallafin bincike, karo-karo muka yi a sashenmu. Uban ya ce: "Likita, azumin fa?" Na ce bai hau kanta ba tukuna, ko ya hau ma mara lafiya Allah ya ɗauke masa.

Litinin, 7 ga Afrilu

An sha Sallah, an dawo aiki. Na janye tsarin farko, na fara sabo, kuma wannan ba gwajin magani ba ne. Mataki ne na nemo yaran da tabbatar da ciwonsu, a buɗe musu rajista, a bi su shekara guda ana rubuta nauyi da numfashi da ƙwayoyin cutar da ke kakinsu da yawan kwanciya asibiti, kowa yana samun kulawar da aka riga aka san tana aiki. Afirka ta Kudu ta buɗe irin wannan rajista tun 2018, na rubuta wa wasu likitocin can ina neman su duba mini fom ɗina. Na kuma tuntuɓi likitocin yara a Sakkwato da Gusau da Yawuri da Zuru, don ko an zo gwajin nan gaba, asibiti ɗaya ba zai taɓa tara 148 ba. Uku sun amsa.

Malamin ƙididdiga ya ce daga rajistar ne za mu san ainihin yadda sakamakon yaranmu ke warwatsuwa, mu daina ƙaddarawa. Tambayar da nake hange yanzu ita ce wadda ba a amsa ta a Ostiraliya ba: nawa ne gishirin da ya kamata a ƙara wa irin waɗannan yara a watannin bazara. A nan kam da gaske ban san wanne ya fi ba.

An kashe 1,425,000, saura 2,575,000. Na'urar auna gishirin gumi ta gaskiya ta fi ƙarfin abin da ya rage, don haka zan nemi wani ɗakin gwaji da ke da ita mu yi yarjejeniya. Gwajin ƙwayar gado sai an fitar da jini waje, wanda ke buƙatar yarjejeniyar fitar da samfur da kwamiti zai amince da ita, kuma dole in nemi a karanta CFTR ɗin gaba ɗaya, don gwajin da aka saba yi an ƙera shi ne a kan lahanin Turawa, zai iya cewa babu alhali akwai.

BK-01 ta ƙara giram 600 cikin mako biyu, uwar ta ce buta ɗaya ta isa yanzu. Ranar Alhamis za ta zo awo ƙarfe takwas, ita kaɗai. BK-02 sai sha ɗaya, bayan an goge ɗakin an buɗe tagogi. Asabar kuma in Allah ya kai mu zan koma zauren mai gari, tsohon nan yana bina amsa.